Neman Abin Da Ba Ya Rabuwa

Da sunan Mai tara ƙasa ta zama tudu, Mai tara ɗigo ya zama gulbi, Mai tara kwana ya zama shekara. Ku matso kusa, da wanda ya ƙoshi da mai jiran tuwo ya sauka, ku ji abin da idona ya gani, ƙafata ta taka, hancina ya shaƙa. Ni ne Sodangi ɗan Nomau, maƙerin Tudun Tama. Wanda ya ga ƙarya a zancena, hanya ga ta nan, ya ɗaura wa jakinsa mangala ya je ya gano wa kansa.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mu mu biyu, ni da wana Cindo. Cindo mutumin kirki ne, kada wani ya ji labarin nan ya zarge shi. Ciwonsa ɗaya, tsoron haƙƙi ya yi masa yawa har ya zame masa cuta. In kuna cin tuwo da shi, sai ya ja layi da yatsa a tsakiyar akushi, don kada lomarka ta yi ɓatan kai ta faɗa cikinsa.

Wasiyyar Baba ba ta da tsawo. Cewa ya yi, “Abin da ke rabuwa ku raba, abin da ba ya rabuwa ku riƙe shi tare.” To, Cindo rabin farko kaɗai ya ji. Aka raba awaki, aka raba hatsin rumbu, ya ɗauki masaba na ɗauki guduma. Zugazugi da yake fata biyu ne, kowa ya tashi da ɗaya. Da aka zo kan awartakin da muke kama jan ƙarfe da shi, sai ya cire ƙusar da ta haɗa shi, ya miƙo mini hannu guda.

Na ce, “Yaya, me zan kama da wannan?”

Ya ce, “Ban sani ba. Amma naka ne.”

Abin da ya rage shi ne uwar maƙera, ƙaton ƙarfen da kakanmu ya kafa a tsakar rumfa, wanda a kansa ake dukan kowace fartanya ta garinmu. Cindo ya ɗauko zarto ya ce za a yanka ta biyu. In an gama, ya ɗauki rabinsa ya koma garin surukansa, tunda ba sauran abin da ya haɗa mu. Rabin uwar maƙera kuwa ba ya ɗaukar duka, ko yaro ya san haka. Amma ni ba ƙarfen ne ya fi damuna ba. Ina son wana, kuma ban san yadda ake wayar gari a rumfar nan ba tare da mitarsa ba.

Na ce wannan ce Baba yake nufi da abin da ba ya rabuwa. Cindo ya ce duk duniya babu abin da ba ya rabuwa, in dai akwai zarto da haƙuri. Muka yi ta yi har ƙanwar Baba, Gwaggo Tabawa, ta fito daga madafa da muciya a hannu.

“Kun ishe ni,” in ji ta. “Kai Cindo, rataye zarton nan. Kai kuma mai baki kamar reza, tafi ka nemo abu guda, ko mene ne, wanda ba ya rabuwa, ka kawo mu gani. In ruwan farko ya sauka ba ka kawo ba, a yanka, ni zan riƙe masa ƙarfen.”

Da safe ta cusa mini guntun gishiri a burgame, wani ɓallin kantu na Baba da ya faɗa bayan randa, idon Cindo bai kai kansa ba. Na cika salka da ruwa, na soke rabin awartakina a ɗamara, na hau jakina. Sunan jakin Gaugawa. Baba ne ya raɗa masa, don tsiya, gama duk ƙasarmu ba dabbar da ta kai shi nawa.

Muka yi ta tafiya har muka wuce inda ake sanin sunan gero. Ran nan a wani fako guguwa ta taso, ta naɗe mu ni da jaki, ta yi sama da mu. Ban san iyakar abin da muka yi a cikinta ba. Da ta gaji ta dire mu a wata ƙasa mai rana biyu, ƙarama mai fitowa da safe ba zafi, da babba mai biyo ta a baya tana huci.

A gabanmu ga wani kogi mai faɗi, amma ruwansa ya daskare ya zama dutse fari. Can tsallake wani tsoho yana ɗaga mini hannu yana ihu, “Yi sauri, baƙo! Babba na tafe!” Ni ban san wace ce Babba ba, Gaugawa kuma ko ya sani ba ruwansa. Muna tsakiyar kogi babbar rana ta leƙo. Dutsen da muke takawa ya yi ƙara, ya tsage, ya narke, sai ga mu tsundum cikin ruwa. Ni maƙeri ne, da wuta na saba, iyo kuwa ko a mafarki. Na cafki wutsiyar jaki ina salati. Ruwa ya yi ɗumi, ya yi zafi, na ce shi ke nan yau an yi farfesun ɗan Nomau. Kafin ya kai ga dafa mu sai ya soma tashi sama yana zama tururi, yana raguwa, har muka tsinci kanmu zaune a kan yashi, kogi duka ya koma hazo bisa kanmu.

Tsohon ya zo ya ja ni gefe yana dariya har da hawaye. Sunansa Makau, shi ne mai fiton wurin, fito kuwa ba kwalekwale, aikinsa kawai ya gaya wa mutane lokacin takawa.

Na ce, “Baba, wane irin kogi ne wannan, koguna uku a gurbi ɗaya?”

“Ɗaya ne, samari. Da dutsen da ruwan da hazon duk abu guda ne. Ruwa tarin 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. In sanyi ya kama su sai su ƙanƙame juna su tsaya cik. In sun ji ɗumi su sassauta, suna zamewa a jikin juna. In zafi ya yi yawa kowa ya kama gabansa. Anjima da la'asar za su huce su dawo.”

Na ce ni fa abin da ban gani ba ba na saye. Sai ya tafi can nesa ya buɗe wani ɗan tulu, ya dawo ya zauna. Jim kaɗan sai ƙamshin daddawa ya bugi hancina, har cikina ya amsa.

“Wa ya kawo maka?” in ji shi. “Tulun bai motsa ba, kai ma ba ka motsa ba. Wani abu dai ya taso daga can ya shiga hancinka.”

Dole na sallama. Daga nan na tambaye shi ko su waɗannan ƙwayoyi suna rabuwa. Ya ce shi iyakarsa bakin kogi, in ina son ƙarshen zance in bi yamma in tambayi matan Garin Turame.

Tun ban ga garin ba na ji shi. Lugude ne ke tashi ta ko'ina, ƙasa na rawa. Mutanen garin nan ba su da sana'a sai daka, kuma ba don ci ba. Tun kakannin kakanninsu suke dakan dutse da ƙarfe da gawayi, suna neman inda ƙanƙanta ta ƙare. Al'adarsu kuwa, baƙo ba ya shan ko ruwa sai ya yi daka. Aka miƙo mini taɓarya. Hannun da ya tashi da guduma, me taɓarya za ta gaya masa? Na zage na kirɓa musu dutse ya koma gari, mata suka yi ta guɗa.

Shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Delu da suke kira Uwar Turmi, ta sa aka kawo mini fura. Da na gaya mata abin da ya fito da ni, sai ta ce in kankaro ɗan ƙarfe daga rabin awartakina. Ta kai ni wani ɗaki inda suke ajiye madubinsu, wani dutse mai kama da ɗigon raɓa, girmansa ya kai faifai, wanda ke mai da ƙaramin abu babba. Ta ɗora ƙurar ƙarfen a ƙarƙashinsa ta ce, “Leƙa, ɗana.”

Na leƙa. Ƙurar ta zama tsauni. Ta juya madubi, tsaunin ya matso, ya matso, sai na ga ashe ba dunƙule ba ne. 'Yan ƙwallaye ne jere sahu-sahu kamar masallata ranar idi, kowanne kamar ɗan'uwansa, kowanne yana ɗan karkarwa a inda yake tsaye. Ni da na yi rayuwata ina dukan ƙarfe, ran nan na fara ganin fuskarsa.

“Wannan ita ce ƙwayar zarra,” in ji Delu. “Ta ƙarfe daban, ta zinariya daban, ta gawayi daban. Mun karya taɓare ba iyaka a kanta. Kome ka daka yana ƙanƙancewa har ya iso nan, daga nan turmi ya sallama.”

Na yi tsalle na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na ce, “Iya, a ƙunsa mini guda ɗaya in kai wa wana.”

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. “A ƙunsa maka a me? Waɗanda ke ƙarƙashin farcenka kaɗai sun fi yashin kogin Makau yawa. Kai kanka su ne, jakinka su ne. Sai dai wan naka ba zai gani ba in ba da madubin nan ba, shi kuwa ba ya fita ɗakin nan. Kai ma, da na tuna, ba za ka fita garin nan ba. Mun daɗe ba mu sami hannu irin naka ba. Mun naɗa ka Sarkin Taɓarya har iyakar ranka.”

Ka ji inda burga ta kai ni. Ƙofar gari aka sa ƙarfafan mata suka tsare, kowace da taɓarya a kafaɗa. Na yi kwanaki ina daka ina tunanin zarton Cindo da ke rataye. Sai wata safiya ƙamshin daddawar Makau ya faɗo mini a rai. Na ce da su a ƙasarmu sabon sarki yakan yi wa jama'a dakan yaji da hannunsa, don haka a tara mini busasshen barkonon garin duka, kowa kuma ya zo ya shaida, har masu tsaron ƙofa. Suka taru suka kewaye ni. Na jiƙa rawanina na naɗe hanci da baki, na naɗe wa Gaugawa nasa da tsumma, na duba inda iska ke kaɗawa, na shiga kirɓi da ƙarfina duka.

Abin da ido ba ya gani ya tashi ya yi aikinsa. Atishawa ta kaure, tari ya sarƙe, Uwar Turmi tana hawaye tana cewa a kama shi, ba mai ganin wanda zai kama. Na ja jakina muka fice. Ran nan kaɗai Gaugawa ya ci sunansa, shi ma don yajin ya ratsa tsumman ne.

Na sami labari amma ban sami shaida ba, Cindo kuwa ba a sayar masa da labari. Don haka da na hango wani birni mai ganuwa tana walƙiya, na ce bari in gwada nan. Sunansa Birnin Tsantsa. Unguwanninsa ɗari da 'yan kai, kowace da katangarta, kuma kowace unguwa irin zarra guda ce tak a cikinta, da gidajen da mutanen duk da ita aka yi su. Mutanen Unguwar Ƙarfe su ne dogarai, in suna tafiya ƙasa na amsawa. Na Unguwar Zinariya ba su aikin fari ba su na baƙi, sai zama a rana. Na Zaiba ba sa iya zama wuri ɗaya, kana gaisawa da mutum sai ya malale ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. A Unguwar Gawayi na ga baƙin mutum da wani mai ƙyalli kamar daimon suna kiran juna ɗan'uwa, aka ce mini zarrarsu ɗaya ce, jeri ne ya bambanta. Can ƙarshe akwai wasu masu jikin iska da ko sallama ba sa amsawa, wai su ba sa cuɗanya da kowa.

Dokar birnin ɗaya ce: gauraye ba ya shiga. Duk abin da baƙo ya zo da shi sai an kai shi zauren Sarkin Rabo an mai da shi asalinsa. Sarkin Rabo wani dogon mutum ne na azurfa, mai ladabi, mai taka-tsantsan. Ina ganin yadda yake goge ma'auninsa kafin ya ɗora kome, na ce a raina, ashe Cindo yana da dangi a nan.

Ya karɓi salkata ya juye ruwan a wata tukunya mai igiyoyin tagulla, ya sakar mata wata irin tsawa da suke tarawa a tulu. Ruwa ya yi ta ɓulɓula har ya ƙare. Ya miƙo mini mafitsara biyu a kumbure, ɗaya ta ninka ɗaya girma.

“Ga ruwanka, baƙo. Babbar sunanta haidurojin, ita ce mafi sauƙin nauyi a birnin nan, kuma wuta take jira. Ƙaramar oksijin ce, ita kake shaƙa, ita ce kuma abincin wuta. Kada ka haɗa su kusa da tartsatsi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ruwan da ke kashe wuta, ashe 'ya'yan wuta ne a cikinsa? To yanzu in ƙishi ya kama ni, wacce zan sha?”

“Wannan ba aikina ba ne. Kayanka dai ga su, ba mu ci maka ko zarra ba.”

Sai ya ɗauko gishirin Baba. Ya narka shi, ya sakar masa tsawar nan. Abin da ya fito ban taɓa zato ba. Ɗaya wani ƙarfe ne mai laushi kamar sabulu, wuƙa na yanka shi, ya tsoma shi a kwalbar mai ya toshe. Ɗayan wata iska ce ruwan ɗorawa, ya ɗura ta a kwalba ya liƙe bakin da danƙo. Ya ce ƙarfen sodiyam ne, kada ya ga ruwa. Iskar kuma kulorin ce, kada hanci ya gan ta.

Na ga mutumin ya san kan abubuwa, sai na yi masa tambayar da ta fito da ni daga gida. Na ce, “Ranka ya daɗe, ita zarra dai ba ta rabuwa, ko?”

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. “Turmi ba ya raba ta, tukunyata ma ba ta raba ta. Amma tana da ciki. Akwai ƙwallo a tsakiyarta, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu kewaya shi. Yawan abin da ke cikin ƙwallon shi ke sa ƙarfe ya zama ƙarfe, zinariya ta zama zinariya. In aka fasa ƙwallon, ta rabu, sai dai abin da zai fito ba ita ba ce kuma. An taɓa gwadawa a unguwar masu nauyi. Ka ga ramin can bayan ganuwa? Da tsauni ne.”

Na sha ruwan kogi, na sha yaji, na bar gida, ashe Cindo ne mai gaskiya. Baƙin ciki ya cika ni.

Ban gama jin wannan ba sai Sarkin Rabo ya ce, “Saura jakin, sannan kai. Yawancinku ruwa ne, da gawayi, da ɗan abin da ba a rasa ba. Za a kai kowanne unguwarsa cikin mutunci.”

Na ce, “To kukan jakin fa, wace unguwa za a kai shi?”

Ya yi tunani sosai, don mutum ne mai gaskiya. Ya ce, “Babu unguwar kuka.”

Dogaran ƙarfe suka matso. Gaugawa ya dube ni, na dube shi. Na ce a ba ni izini in yi sallama da kayana. Na tattara kwalabe biyu na cusa a burgame. Mafitsaran nan kuwa na ɗaure bakinsu wuri guda na huda tsakani, na tura su gaban dogarai, na ja jakina bayan ginshiƙi, na ƙyasta ƙyastu a auduga na wurga.

Ƙarar da ta tashi sai da ta ɗaga rufin zaure. Iskokin nan biyu suka koma abin da suke tun farko, raɓa ta sauko a kan dogarai. Ku da kuka san abin da damina ke yi wa fartanyar da aka manta a gona, kun san abin da mutumin ƙarfe ya fi tsoro. “Tsatsa! Tsatsa!” suke ihu, suna ture juna suna neman tsumma. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina jiyo Sarkin Rabo a baya yana kira, “Baƙo, ka bar rabin ruwanka a jikin mutanena, zo a biya ka!”

Guguwar da ta kawo mu muka tarar tana jiran wani a bakin fako, muka shiga ba gayyata. Ta watsar da mu a bayan Tudun Tama, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, iska tana ƙamshin ruwa.

Na tarar da Cindo a rumfa, ya sauko da zarto yana goge shi. Rumfar ta yi ƙura, ba a hura wuta ba tun tafiyata, gama fata ɗaya ba ta zuga. Ya rame. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ka dawo.” Na ce na dawo. Gwaggo ta fito ta rungume ni tana zagina, ta kawo tuwo da miyar kuka.

“Ina abin?” in ji Cindo.

Na ce, “Babu, Yaya. Na je har inda ƙanƙanta ta ƙare, can ma an ce mini tana rabuwa. Kai ne da gaskiya.”

Na zaci zai yi murna. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To,” ya jawo zarto kusa.

Na ce, “Amma kafin nan akwai haƙƙinka a wurina. Gishirin da Gwaggo ta ba ni na Baba ne, gado ne. An raba shi a can, rabon da ba a taɓa yin mai adalcinsa ba. Zaɓi naka.” Na ajiye kwalabe biyu a gabansa.

Cindo da jin haƙƙi ya gyara zama. Ya zaɓi kwalbar mai, don ita ake ganin abu a ciki. Ya ce dama miyar Gwaggo yau da saura, bari ya ɗanɗana rabonsa. Ya yanko ɗan ƙarfen da wuƙa. Na ce, “Yaya, da dai ka bari.” Ya ce, “Nawa ne ko naka?” Ya jefa a kwanon miya.

Abin ya yi rawa a kan miya yana tsuwa, ya kama da wuta, ya fashe. Miyar kuka ta yi sama ta sauko mana a ka, gefen gemun Cindo ya soma hayaƙi. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma ni nasa na fara shafa wa. Gwaggo tana salati tana neman muciya. Ya miƙa hannu ga ɗaya kwalbar, na riƙe shi na ce wannan ko shinshina ta ya yi, sai an kira masu wankan gawa.

“Wannan ne gishirin Baba?” in ji shi, yana share miya daga ido.

“Shi ne. Rabi da rabi. Ba a ci wa kowa ko zarra ba.”

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya ce, “Ana iya mai da shi?”

Muka fita fili, muka juya wa iska baya. Na ɗauki ragowar ƙarfensa na goge man, na ɓalle danƙon kwalbata na jefa shi ciki, Gwaggo ta ɗiga masa ruwa da tsinke don ya farka, na rufe da sakaina muka ja da baya. Wuta ruwan ƙwai ta cika kwalbar har ba a iya kallo. Da ta mutu, launin ɗorawa ya tafi, farin gari ya lulluɓe cikin kwalbar.

Cindo ya jira ta huce. Ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Ya sake dangwalawa. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo. Ɗigon farko na damina ya faɗo a kan rufin rumfa, na biyu ya biyo shi.

“Ruwa ya sauka,” in ji Gwaggo a hankali. “In riƙe maka ƙarfen?”

Cindo ya tashi ya shiga ɗakinsa. Ya fito da fatar zugazuginsa a hammata, da rabin awartakinsa, da ƙusar nan da ya cire, ashe tana ƙunshe a tsumma ƙarƙashin matashinsa, don ya rasa yadda zai raba ta. Ya miƙo hannu, na zaro nawa rabin daga ɗamara na ba shi. Ya haɗa su, ya zura ƙusa, ya ɗora a kan uwar maƙera ya buga da masaba, ƙarar ta ratsa gari.

Ya mai da zarto inda yake rataye, ya harare ni da rabin gemu.

“Ka tsaya kana kallona? Ɗauko taka fatar ka zauna ka zuga. Damina ta faɗi, mutane ba su da fartanya.”